Shekarar da Na Kwashe Kayan Ɗakina

Na san abin da Kawunku Sale yake faɗa a kaina, kuma na san ya shiga kunnuwanku tun kuna ƙanana. Wai ni Saude na kori uwata daga gidana, na watsa mata ruwa a gaban matan haya, na kwashe kayan da ta yi mini na zubar a bola. Daga gidan biki zuwa gidan suna yake yawo da maganar nan, kowace shekara yana ƙara mata gishiri. Ban taɓa tanka masa ba, don ƙanena ne, kuma tun yana yaro bakinsa ya fi hankalinsa sauri. To amma yanzu na tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi, kuma wallahi ba zan shiga kabari in bar ku da labarin Sale ba. Ruwa dai na watsa, wannan ban musa ba. Sai ku zauna ku ji a kan me na watsa shi.

A lokacin muna Rigasa, a wani gidan haya mai ɗakuna bakwai, mu muna ciki da falo. Babanku yana jan bas daga tashar Kawo zuwa Zariya, ya fita da sassafe ya dawo bayan magariba. Yayarku Ummi tana shekara shida, sauranku ba a ma haife ku ba. Sunan mahaifiyata ta ci, Hauwa, shi ya sa ba ma kiran sunanta, Inna kuwa takwara take ce mata. Ɗakina a gidan nan abin kallo ne, ba yabon kai ba. Gado mai rumfa da katifar rimi biyu, ɗaya kan ɗaya, da matasan kai shida duk na rimi, jan kafet tun daga ƙofa har ƙuryar ɗaki, labule mai nauyi har ƙasa, ga kabad cike da jeren kwanuka da tasoshi, ga kaskon turaren wuta da ba ya mutuwa safe da yamma. Duk Inna ce ta yi mini. Tun ina shekara goma ta fara tarawa a Malumfashi, da sana'ar ƙuli-ƙuli da daddawa. Rimin katifun nan da hannunta ta tsinto shi, ta zauna ta cire masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni, don kunya irin ta mutanen da. Duk abin da ba ta faɗa mini da baki ba, a ɗakin nan ta zuba shi, kuma na sani.

Ummi tana da shekara huɗu fuka ta kama ta, abin da likitoci suke kira asma. Ku da kuka san ta yanzu da ƙiba da surutu ba za ku gane ba. Yarinya ce siririya, idan abin ya tashi sai ta zauna ta dafa gwiwa, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ƙirjinta yana kuka kamar an shaƙe ɗan kyanwa. Ba ta iya cewa Mama, sai dai ta kafe ni da ido. Babu abin da ban ba ta ba. Zuma da tafarnuwa, man kaɗanya a ƙirji, rubutu, jiƙo kala-kala. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce mayu ne, wata ma ta ce ni na tsallake wani abu da cikinta. Kowa likita ne a kan ciwon ɗan wani! Abin ya fi tsanani da damina, lokacin da muke rufe ƙofa da taga saboda feshin ruwa. Ran nan bayan la'asar ana yayyafi, na rufe ɗaki ina sharar kafet da tsintsiya, ita tana kwance a gado. Na juyo ke nan na ga leɓenta ya yi baƙi, wuyanta ya langaɓe. Ko mayafi ban ɗauka ba, na saɓe ta na yi titi da gudu, wani mai tasi ya ji tausayina ya sauke fasinjojinsa ya kai mu asibiti a cikin gari.

Da aka samu numfashinta ya daidaita, sai likitar, wata mace mai farin gilashi, ta zaunar da ni ta fara yi mini tambayoyi. Na ɗauka a kan yarinya za ta tambaye ni, ashe ɗakina take nufi.

"A kan me take kwana?"

"Katifar rimi," na ce, har da 'yar taƙama.

"Shekararta nawa?"

"Yarinyar?"

"Katifar."

Na ce tun aurena, shekara takwas. Ta tambayi kafet, ta tambayi labule, ta tambayi turare da maganin sauro na kunnawa, har kyankyasai sai da ta tambaya. Raina ya ɓaci, na ce mata, "Likita, ni fa ba ƙazama ba ce. Sau biyu nake shara a rana."

"Ban ce ke ƙazama ce ba, Maman Ummi. Sharar ma tana cikin abin da ke tayar mata. A cikin tsohuwar katifa da kafet akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna rayuwa a ciki suna kashi a ciki, ya gauraya da ƙura. Wani yaron ya shaƙa ba abin da zai same shi, ita taki jikinta ba ya ɗauka. Haka fumfunar danshi, haka kashin kyankyaso, haka kowane irin hayaƙi. Zan ba ki abin shaƙa, ki riƙa yawo da shi duk inda za ku. Amma idan kika mayar da ita ɗakin nan yadda yake, za ki dawo da ita a kafaɗa, kuma ba kullum ake samun mota a kan lokaci ba."

Ban yarda da ita nan take ba, in gaya muku gaskiya. Abin da ya sa na yarda, kwana uku muka yi a asibitin, Ummi tana kwana a kan katifa mai rufin roba, ɗaki fayau ba komai, ko tari ba ta yi ba. Ranar da muka koma gida, kafin in gama tuwo ta fara. Na tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu ina kallon ɗakin nan da nake alfahari da shi, na ji duk ya fita raina. Da Babanku ya dawo na ce masa gobe zan kwashe komai. Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce, "Ɗakinki ne, kayan iyayenki ne. Ni ba zan sa hannu ba, kada a ce ni na sa ki." Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma maganar nan ta ƙona mini rai, don ya bar ni ni kaɗai da abin da za a ce. Sai dai ya yi nasa. Washegari ya sayo katifar soso, ya kai wa mai ɗinkin kujerun mota a tasha, aka ɗinke ta ruf da irin ledar da ake rufe kujerar bas, ko allura ba za ta samu hanya ba.

Na tura Ummi gidan wata ƙawata a Unguwar Shanu, na ɗaure hanci da ɗankwali na fara. Da na ɗaga kafet ɗin nan, innalillahi! Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, danshi ya ci shi, wari ya buso. Bayan kabad kuwa ƙwan kyankyasai ne jere reras. Ni da na ce wa likita ni ba ƙazama ba ce, na zauna a dandamali na yi kuka don kunya. Sannan na tashi na dinga jawo kaya tsakar gida, katifu, matasai, labule, kwanuka, har gadon na kwance shi. To kun san mutanenmu, mace ba ta fito da kayan ɗakinta waje gaba ɗaya sai in aure ya mutu. Kafin in ankara matan haya sun zagaye ni. Tabawa, wata 'yar garinmu da ke ɗakin kusa da zaure, ta dafa ƙirji.

"Saude! Saki nawa ya yi miki?"

"Wane irin saki kuma? Ɗaki nake gyara wa Ummi."

"Haba 'yar'uwa, ai ba a ɓoye wannan. Jiya na ga fuskarsa da ya shigo."

Na yi bayani har bakina ya bushe, na faɗi ƙwarin, na faɗi likita, suna gyaɗa kai irin na an ji amma ba a yarda ba. Kafin magariba Tabawa ta ba wani direban Malumfashi saƙo, wai a gaya wa Inna aurena ya mutu ina ɓoyewa. Wa ya aike ta? Har yau idan na tuna da matar nan sai na ji zuciyata tana tafasa. Kuma ku sani, kafet kaɗai ya je bola, don ya riga ya ruɓe. Kwanukan na wanke su tas na jera a akwatin ƙarfe, katifun na naɗe su a leda, mai gidan hayar ya ba ni wuri a ɗakin ajiyarsa. Ko cokali ban yar ba.

Ɗaki ya koma siminti zalla, katifa ɗaya mai leda, akwati, gidan sauro maimakon maganin kunnawa. Na daina shara da tsintsiya a ciki, sai tsumma jiƙaƙƙe safe da yamma, har saman taga da bayan ƙofa. Duk sati in tafasa ruwa in wanke zannuwan gado in shanya a rana. Na toshe ramukan bango da siminti, na daina barin kwanon abinci a buɗe, na matsar da murhuna can ƙarshen tsakar gida. Turare kuwa na haƙura da shi, ni da ake jin ƙanshin ɗakina tun daga zaure. Mata suka sa wa ɗakin suna, ɗakin gwauro. Baƙuwa ta leƙo sai ta yi saurin kau da kai kamar ta ga tsiraici. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma sati biyu Ummi ba ta nemi abin shaƙa ba sai sau ɗaya, har na gan ta tana 'yar gala-gala da yaran gida tana tsalle da ƙafa ɗaya.

Ana cikin haka Inna ta sauka, Sale yana biye da ita da ƙullin kaya. Ta amsa gaisuwar mata sama-sama, ta wuce kai tsaye ta tsaya a ƙofar ɗakina. Ta daɗe tana kallo. Na durƙusa na ce sannu da zuwa, na ce ƙarya aka aika mata, aurena lafiya lau.

"To ina kayan?"

Na fara bayani. Ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Da sakin aka yi da na san abin da zan gaya wa mutane. Mi na yi miki da za ki nuna wa Kaduna ba ki da uwa?"

"Inna, don takwararki ne. Rimin ne ba ya yi da ƙirjinta."

"Rimin da na haife ki a kai? Rimin da duk zuri'armu suka kwana a kai suka tashi? Ƙwarin nan da ido ba ya gani, ita likitar da mi ta gan su?"

Ba ta ci abincina ba ranar. Ta shimfiɗa bargonta a falo, ta jawo Ummi jikinta tana shafa mata kai tana cewa, takwara, sun ramar da ke. Kada ku taɓa zaton ba ta son yarinyar nan. Son da take mata ne ya jawo komai, don a ƙullin da Sale ya ɗauko akwai saiwoyi da sassaƙe da ta bi ƙauyuka ta haɗo, maganin fuka na hayaƙi irin na gargajiya. Na gani, na roƙe ta, na ce Inna don Allah ban da hayaƙi, ko na turare ne yana iya kashe ta. Ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin ta yarda.

Kwana biyu da zuwanta, da hantsi, na ɗauki bokiti na tafi famfon bakin layi, don ruwa ya zo kuma a Rigasa idan ya zo ba a jira. Layi ya yi tsawo, na ɗan daɗe. Ina shigowa zaure da bokiti a ka na ji wani wari mai ɗaci. Ƙofar ɗakina a rufe, hayaƙi yana fita ta ƙasanta, Sale yana tsaye ya tokare. Ta cikin ƙofar nake jin kukan ƙirjin nan da na fara mantawa da shi.

"Yaya, Inna ta ce kada kowa ya shiga sai an gama."

"Matsa, Sale."

"Ke fa ba ki da haƙuri. Magani ne, dole ya ɗan..."

Ban san lokacin da na bangaje shi ba. Na bankaɗa ƙofa, na ga Inna a durƙushe ta lulluɓe Ummi da bargo tun daga ka, kasko da garwashi a ƙarƙashi, tana riƙe da gefen bargon gam don kada hayaƙin ya fita. Ƙafafun yarinya kawai nake gani suna shure-shure. Na sauke bokitin nan na juye shi gaba ɗaya a kan kaskon. Toka ta tashi, ruwa ya jiƙe Inna daga fuska har zani. Na fizge bargon, Ummi ta faɗo jikina, idanunta sun juye. Matan gida duk sun cika ƙofa. Inna ta ɗago tana share ruwa da toka daga ido.

"Ni kika watsa wa ruwa?"

"Inna, za ki kashe mini ɗiya!"

Wannan ita ce maganar. Ruwan ban taɓa nadamarsa ba, yau ma aka sake zan sake. Amma kalmar nan, in ce wa uwata za ta yi kisa, a gaban matan haya, ita ce ta hana ni sukuni shekara da shekaru. Na fita da Ummi tsakar gida, na matsa mata abin shaƙa, na sake matsawa, bai isa ba, muka yi asibiti. Kwana biyu tana kwance da abin iska a hanci. Da muka dawo na tarar Inna ta tafi tun ranar. Ban kore ta ba, ban ma samu damar yi mata sallama ba.

Sau uku na je Malumfashi neman gafara. Ina shiga ɗakinta sai ta juya fuska bango. Babanku ya je da dattawa biyu, ta karɓe su da mutunci, ta ce ita ba ta da magana. Turmin atamfa da na aika da salla aka dawo mini da shi a naɗe yadda yake. Dangi kuwa abin nema ya samu. Wai na zama 'yar boko, wai Kaduna ta lalata ni, wai na fifita maganar wata likita a kan uwar da ta haife ni. A biki sai in ga ana zunɗe na, wata gwaggo ma ta ce ba za ta ci tuwon hannun da ya jiƙa uwa ba. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa riƙe yaro yana neman iska yana rasawa. Babu wanda ya tambaye ni yaya Ummi. Ita kuwa tana nan tana girma a ɗakin gwauro, ta shiga makaranta, ciwon yana leƙowa jefi-jefi ya koma. Ina murna ina kuka, don kowace safiya na tashi da tunanin uwata tana fushi da ni, kuma ku kun san abin da wannan yake nufi ga mai tsoron Allah.

Shekara biyu da wani abu muna haka, sai aka aiko Inna ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Na ɗauki Ummi, na ƙulle abin shaƙarta a bakin zanina, muka hau mota. Mun isa da azahar, gida cike da dangi. Ina zuwa ƙofar ɗakinta ƙanshin turaren wuta ya tare ni, na hango ta can ciki a kan tsohuwar katifarta ta rimi, taga a rufe, labule a sake. Na tsaya cak, hannun Ummi a nawa. In shiga da ita, na san abin da zai biyo baya. In hana ta shiga, an ce na raba jika da kakarta a kan gadon mutuwa. Mata suka fara, shigo da ita mana, me kike jira, har yanzu halin nan yana nan? Sai muka ji muryar Inna daga ciki, a shaƙe.

"Wa ke nan a ƙofa?"

Aka ce mata, "Takwararki ce, da uwarta."

Sai Inna ta ce, "Kada ta shigo nan. Ku fitar da ni."

Aka fara ba ta haƙuri, jikinta ba zai ɗauka ba. Ta ce a fitar da ita. Mutum huɗu suka ɗauko ta, ta zama ba nauyi, aka kwantar da ita a tabarmar kaba a inuwar bango. Ta sa aka cire mata mayafin da ya sha turare, ta ce a kawo wankakken zani daga kan igiya, ta ce a kashe kaskon nan a kai shi bayan gida. Sai da aka gama duk wannan ta miƙa hannu.

"Zo nan, takwara."

Ummi ta je ta durƙusa. Inna ta jawo ta, ta ɗora kunnenta a ƙirjin yarinya, ta rufe ido tana saurare. Ta daɗe a haka, har na fara tsoron ko numfashin Inna ne ya tsaya. Can ta ɗago.

"Shiru," ta ce. "Ba kukan."

Ba ta ce ta yafe mini ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in sa mata magana a baki ba. Ba ta ma dube ni ba. Kwana huɗu ta ƙara a duniya, kullum sai ta sa an fito da ita tabarmar nan ta wuni da Ummi a gefenta. A rana ta uku na kawo mata kunu, ina tsoron ta kau da kai. Ta buɗe baki, na ba ta cokali uku ta sha. Sai ta juya wajen matan da ke zaune, ta ce, "In na tafi, kada wanda ya ba takwara katifar nan gado. Ku tambayi uwarta abin da ya dace da ita."